Rani Ko Damina? Tarihin Zaɓen Lokacin Tafiya Daga Ayarin Fatake Zuwa Garejin Television

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da kusan duk mai ɗan'uwa ko aboki a ƙasar waje ya taɓa shan ta, wato: "Wane wata ya fi kyau in zo?" Wani ɗan kasuwa ne daga Kumasi, wani ɗalibi ne daga Jamus mai koyon Hausa, wani kuwa jikanmu ne da aka haifa a Landan, bai taɓa taka ƙasar kakanninsa ba. Amsar da mukan bayar ba ta wuce guda: "Bari sai Disamba ko Janairu." Haka su ma littattafan da ake rubuta wa masu yawon buɗe ido suke cewa game da yawancin ƙasashe masu zafi, a zo bayan ruwa ya ɗauke, sauro ya ragu, hanya ta bushe. Wanda duk ya ratsa ta garejin Television da ke kudu da Kogin Kaduna a ƙarshen watan Disamba, ya ga yadda ake turereniyar shiga mota, zai ce ai magana ta ƙare, kowa ya yarda wannan ne lokacin tafiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa amsar nan tana da tarihi, kuma ba ga kowa take daidai ba. Abubuwa biyu ne suka riƙa yanke wa matafiyan da hukunci: abin da zai ɗauke su, da abin da suka fito nema. Mai jaki da mai jirgin ruwa ba su taɓa yin lokaci ɗaya ba. Kuskuren wannan lissafi kuwa ya sha cin rayuka, kamar yadda za mu gani.

Yadda Bahaushe ya kasa shekara

Bature yakan ce ƙasarmu yanayi biyu gare ta, na ruwa da na fari. Bahaushe ya fi shi duba da kyau. Akwai bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi, rijiyoyi su ja baya, hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Akwai damina, wadda tsakiyarta ake kira marka, wato kwanakin Agusta da ruwa kan wuni yana zuba. Akwai kaka, lokacin girbi, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Sai hunturu ko ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Kalmar rani kuwa takan haɗe duk watannin da ba a ruwa. Malaman hisabi suna da nasu lissafin na taurari 28, bakwai ga kowane kashi na shekara, kowane tauraro da kwana 13, ɗaya kawai ke da 14. Da shi manomi ke sanin shukar da za ta yi da wadda ta makara.

Tsawon damina kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. A Kaduna ruwa kan sauka tun ƙarshen Afrilu ya kai Oktoba, ana samun kimanin milimita 1,200 a shekara. A Kano yakan kankama ne a Yuni ya ɗauke a ƙarshen Satumba, a Sakkwato da Maraɗi kuwa ya fi haka ƙaranci. Saboda haka matafiyin da ya bar Katsina cikin ƙura a watan Mayu yana iya iske ciyawa ta rufe hanya a kudancin Zazzau.

Rani na mai ƙafa da mai kofato

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗaura kaya ne bayan an kawar da amfanin gona. Dalilansu a fili suke. Na farko, yawancin 'yan ayari manoma ne, ba mai barin gonarsa a damina. Na biyu, abincin mutane da na dabbobi yana da araha a zangon da za a sauka in an yi kaka. Na uku, koguna. Hanyar Salaga takan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Illo, ta ratsa Bargu da Sansanin Mango da Yandi, kuma tsakanin waɗannan akwai ƙoramu ba iyaka. Ƙoramar da yaro ke tsallakewa a Fabrairu ita ce ke tsare ayari kwana da kwanaki a Agusta, ko kuma a biya masu fito kuɗi mai yawa. Na huɗu, ƙudan tsando. Jaki da doki da takarkari ba sa jure cutar sammore, tsando kuwa yakan bazu cikin daji da damina, ya koma bakin rafi da rani.

Aikin madugu ke nan ya riƙe wannan lissafi a ka. Tafiyar takan ci wata uku ko fiye kafin a isa, ga jiran ciniki, ga komowa da huhunan goro waɗanda sai an riƙa kwance su ana yayyafa musu ruwa ana tsince ruɓaɓɓu. Ayarin da ya yi nawa har ruwa ya tare shi, sai dai ya yi damina a can. Wasu daga cikin masu yin damina a can ba su komo ba, suka yi aure suka kafa gida, suka ƙara yawan mutanen unguwannin da har yau ake kira Zango a ƙasar Gana.

Ta arewa ma haka abin yake. Ayarin gishiri na Buzaye yakan tashi daga Azbin wajen Oktoba ya nufi Fachi da Bilma, sa'an nan ya gangaro da kantu da dabino ta Damargu zuwa Katsina da Kano a farkon ɗari. Raƙuma su yi rani suna kiwo a gonakin da aka girbe, suna bar wa manomi taki, kafin ruwa ya sauka kuma an juya da su arewa da hatsi da tufafi, domin raƙumi ba ya shiri da taɓo. Irin wannan ayari ne Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo daga Azbin a Disamba 1850, ya ratso ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, amma ya ce tsakanin Janairu da Afrilu baƙi kan sa adadin ya kai ninki biyu. Wato rabin mutanen da ya gani a Kano rani ne ya kawo su.

Daga wannan tushe ne al'adar cin rani ta fito. Almajiri da malaminsa, ɗan koli, mai gyartai, ɗan dako, makaɗi da maroƙi, duk sukan fita bayan kaka su komo da ruwan shuka. A ranin 1952 zuwa 1953 an yi ƙidayar masu fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, wadda wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarinta, aka sami mutum kimanin 250,000. Fulani makiyaya su ma suna da nasu zagayen: kudu da rani don neman ruwa da ɗanyar ciyawa, arewa da damina don gudun tsando da gonakin mutane.

Turawan da suka zo ba kan kari ba

Turawan farko da suka nemi shigowa wannan ƙasa sun koyi darasin ne da gawawwakin 'yan'uwansu. Mungo Park ya baro Gambiya a ƙarshen Afrilu 1805 da Turawa fiye da 40, galibinsu sojoji, alhali damina na bakin ƙofa. Ruwa ya riske su a hanya, zazzaɓi da atuni suka shiga cikinsu. Da suka iso bakin Kwara a Bamako cikin Agusta, 11 kaɗai suka rage da rai. Sauran 'yan ƙalilan da suka shiga kwalekwale tare da shi suka wuce Yawuri, suka halaka a Busa.

Hugh Clapperton ya ɗanɗana lokutan biyu. Zuwansa na farko ta Barno ya biyo, ya shiga Kano ran 20 ga Janairu 1824, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a tsakiyar Maris, ya juya a farkon Mayu kafin ruwa ya yi ƙarfi, ya koma gida da ransa. Ko a wannan karon ma abokin tafiyarsa, Dokta Oudney, ya rasu a ƙasar Katagum cikin tsananin ɗarin Janairu, abin da ke nuna cewa hunturu ma ba ya sassauta wa mai ciwon ƙirji. Zuwansa na biyu daga Badagiri ya taso a Disamba 1825. Jinkirin hanya ya sa bai iso Kano ba sai Yuli 1826, tsakiyar damina, kuma bai sadu da Bello ba sai Oktoba, jikinsa duk ya raunana. Ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Baransa, Richard Lander, ya yi ƙoƙarin komawa teku ta kudancin Zazzau a farkon daminar wannan shekara, yana fama da ƙoramu da ciwo, har mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka komo da shi.

Damina ta mai jirgin ruwa

Da Turawa suka gane cewa Kwara a teku take ƙarewa, bayan tafiyar Lander da ƙanensa a 1830, sai lissafin ya juye. Jirgi mai tururi yana bukatar zurfi, Kwara da Binuwai kuwa ba sa cika sai daga Yuli zuwa Oktoba. Lokacin da ya fi dacewa da jirgin shi ne ya fi haɗari ga mutanen da ke cikinsa. A tafiyar Macgregor Laird ta 1832 zuwa 1834, Turawa 48 suka shiga kogin, 9 suka fita da rai. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku suka shiga cikin Agusta, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 daga cikin Turawa kusan 150. Cikin waɗanda suka tsira akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya wallafa littattafan farko na nahawu da ƙamus na Hausa cikin boko.

Abin da ya warware wannan ƙulli shi ne kwinin. A 1854 Dokta William Baikie ya shiga da jirgin Pleiad cikin Yuli, ya hau Binuwai, ya fito a Nuwamba, yana ba mutanensa kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo cutar, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka a Indiya. Amma tun daga 1854 damina ta tashi daga lokacin da Bature ke tsoro ta koma lokacin da jiragensa ke kai kaya can cikin ƙasa.

Wanda ya duba ranakun yaƙe-yaƙen da Turawa suka ci ƙasar nan da su zai ga lissafin nan biyu a fili. Kwantagora da Bida a farkon 1901 aka ci su, Bauchi a Fabrairu 1902. Rundunar Kanar Morland ta baro Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Duk da rani ne, saboda 'yan dako ne ke ɗauke da igwa da harsashi, kuma sai ciyawa ta bushe bindiga mai ruwa ke ganin nesa. Sarkin Kano Alu ma rani ne ya fitar da shi, domin ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, yana hanyar komowa labarin faɗuwar birni ya iske shi. Yola kuwa a Satumba 1901 aka ci ta, domin ta Binuwai aka kai sojoji cikin jirage, lokacin da kogin ya cika ya batse.

Kaduna, garin da dogo ya haifa

Kogin Kaduna shi ma ya shiga wannan labari. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara daura da Fategi. Lugga ya kafa hedkwatarsa a Zungeru a 1902, a bakin wannan kogi, da fatan jirage za su riƙa kawo kaya daga Lakwaja. Sai ga shi kogin ba ya ɗaukar jirgi sai 'yan watannin cikarsa, har sai da aka shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo daga Barijuko zuwa Zungeru. Da aka fara dogon Baro zuwa Kano a 1907, matsalar ba ta kau ba, domin manyan jirage ba sa kaiwa Baro sai ruwa ya hau. Dogon ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Ikko, daga nan ne aka sami hanyar da ba ta jiran kogi ya cika ko ya janye.

A inda dogon nan ya ƙetare kogin, cikin ƙasar Gbagyi, aka kafa garin Kaduna. Sojoji suka fara tarewa, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru a 1917. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na Ikko a tashar da ke kudu da kogin. Ke nan Kaduna na daga cikin garuruwan farko a Arewa da mutum ke iya isa a kowane wata na shekara. Hanyoyin mota kuwa sun daɗe ba su kai haka ba. Yawancinsu na jar ƙasa ne, wasu da rani kaɗai ake bin su, kuma in an yi ruwa akan sa shinge a tsare manyan motoci sai hanya ta sha iska.

Duk da dogo, manyan tarukan Kaduna ba su bar lissafin fatake ba, domin dawaki ne adonsu. Hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a farkon Fabrairu 1956 cikin ɗari aka yi shi, kuma dawaki da yawa da ƙafarsu suka zo daga larduna masu nisa, tafiyar da ba za ta yiwu a marka ba. Haka daba ta bikin FESTAC a 1977, bikin da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna ita ma galibi tsakanin Fabrairu da Maris take faɗowa, kamar bikin kamun kifi na Argungu da ya samo asali a 1934, wanda sai ruwan Matan Fada ya ja baya ake yin sa.

Kudancin kogi da sabuwar kalanda

Masaƙu ne suka cika kudancin kogin da mutane. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikata suka kwararo daga kudancin jihar da Filato da Binuwai da ƙasar Ibo da ta Yarbawa, suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Unguwar Sunday da Sabon Tasha. Waɗannan mutane ba 'yan cin rani ba ne. Injin saƙa bai san damina ba, albashi kuma wata-wata ne. Lokacin tafiyarsu shi ne lokacin hutu, hutun kuwa a ƙarshen shekara ya fi samuwa.

Manyan masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma al'adar ta zauna. Garejin Television ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin da ake hawa motar kudu da gabas, da ta Kachiya da Zonkwa da Kafanchan. A Disamba kuɗin mota kan tashi, masu zuwa Kirsimeti da bukukuwan aure da tarukan ƙungiyoyin gari su cika wurin, wasu kuma suna hanzarin riskar bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu. In an lura, sabuwar kalandar ta faɗo daidai kan tsohuwar. Disamba bayan girbi ne, akwai doya da acca da dawa a gida, hanyar ƙauye ta bushe, mai masauki yana da abin da zai ba baƙo.

Musulmin garin kuwa kalandarsu ta tafiya ba ta tsaya wuri guda ba. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah takan zagaya dukkan yanayi cikin shekara 33. Azumin 2011 a Agusta ya faɗo, tsakiyar marka. Na 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara. Baƙon da ke son ganin hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ba shi da zaɓin yanayi, sai dai ya bi wata. Alhazai sun fi kowa sanin haka. Aikin Hajjin 2024 ya zo a Yuni, zafi ya yi sanadin rasuwar mutum fiye da 1,300 a ƙasa mai tsarki.

Abin da baƙon hunturu ba ya gani

Hunturu yana da nasa aibin. Hazo kan hana jiragen sama sauka, yakan tayar wa masu asma da ciwonsu, gobara kuma ta fi yawa a kasuwanni. Daga ƙarshensa zuwa bazara ne lokacin sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, ba ta lafa ba sai da ruwa ya sauka. Damina ita ma ba ta bar halinta ba. Zazzaɓin cizon sauro a cikinta ya fi yawa, shi ya sa ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin riga-kafi wata-wata har ta wuce. Kogin Kaduna kuma yakan tuna wa mutane da kansa, kamar yadda ya yi a Satumba 2003 lokacin da ya malale gidaje a Barnawa da Kigo Road da sauran unguwannin bakinsa.

Amma akwai wata hasara da ba a cika faɗa ba. Wanda bai taɓa zuwa ba sai da rani, rabin ƙasar ya gani. Zai koma ya ba da labarin ƙasa mai ƙura da busassun itatuwa, mutanenta suna zaune a gindin bishiya, bai san cewa waɗannan mutane sun yi wata biyar suna sunkuye a gona tun asuba ba. Haka kuma bai ga wahalarsu ta gaskiya ba. A 1983 wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, ya ja hankalin ma'aikatan raya karkara kan wannan. Ya nuna cewa manyan jami'ai da masu bincike da rani suke ziyartar ƙauyuka, lokacin da hanya ke da kyau kuma rumbu ke cike, alhali yunwa da ciwo da bashi da damina suke taruwa wa talaka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Bahaushe ya riga shi sanin haka, shi ya sa yake murnar fitowar tumu, yake kuma rufa wa kansa asiri da tafasa da rama kafin gero ya iso. Rahoton da aka rubuta a Janairu kan ƙauyen da ke shan wuya a Agusta ba zai faɗi gaskiyar ƙauyen ba. Wannan gargaɗi ya shafe mu mu marubuta, musamman mazauna birni da ba ma leƙa ƙauye sai da Sallah ko Kirsimeti, sa'an nan mu zauna mu ƙaga labarin manomi.

Ta fuskar kallo ma ba a taru an zama ɗaya ba. Namun dajin Yankari da rani ake ganinsu, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji kuma ciyawa ta kwanta. Amma mafaɗar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan da ta Gurara sai da damina suke nuna ƙarfinsu, duwatsun Kagoro ma a lokacin ne suke yin kore shar. Mai son dambe da kokawa da kalankuwa sai ya jira kaka. Mai son ganin taron makiyaya na Ingal a Nijar kuwa, ƙarshen damina zai nufa, wajen Satumba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa dogo da kwalta da jirgin sama da magani sun sassauta hukuncin da yanayi ke yi wa matafiyi, amma ba su soke shi ba. A zamaninmu ma wani lissafi ya ƙaru wanda madugan da suka san irinsa sarai, wato lafiyar hanya, domin harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022 bai tambayi rani ko damina ba. Ayari ba ya tashi sai jagaba ya ji labarin abin da ke gaba.

Saboda haka idan baƙo ya aiko yana tambayar watan da ya fi kyau ya zo, kafin a ba shi amsa sai a tambaye shi abin da ke kawo shi, da inda zai sauka, da abin da jikinsa ke iya ɗauka. Tsoho ko ƙaramin yaron da bai saba da sauro ba, a bar shi sai Nuwamba zuwa Janairu, a kuma tanadar masa rigar sanyi da man shafawa. Mai ciwon ƙirji ya guji tsakiyar hazo. Wanda bai saba da zafi ba kada a gayyato shi a Afrilu. Mai neman biki ya bi kalandar masu bikin. Amma ɗalibi da ma'aikacin taimako da marubuci, duk wanda ya ce sanin mutane ya kawo shi, a gaya masa ya zo sau biyu, sau ɗaya da kaka ya ci sabon hatsi tare da su, sau ɗaya kuma a cikin marka da gidan sauronsa da maganinsa, ya ga yadda ake samo hatsin.